Askin ƙwal-kwabo ga sabon shiga: kilifa, reza, inji mai caji, hoda ko wanzami?

Duk wanda sanƙo ya fara cinye masa gaban goshi, ko furfura ta yi masa yawa, ko kuma kawai ya gaji da zaman layi a shagon aski duk sati, wata rana zai tsaya gaban madubi ya ce bari dai in sauke shi gaba ɗaya in huta. Yanke wannan shawarar ba wuya. Wuyar tana zuwa ne in ka fara tambayar da me zan aske, wannan ya ce maka reza ce kawai ke ba da santsi, wancan ya ce ai reza ce ta lalata masa ƙeya, wani ya ce ka sayi inji mai caji ka huta, wani kuma ya ce ka bar duk wannan ka nemi wanzami. Kuma kowannensu da gaskiyarsa, don fatar kan kowa daban ce.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu ɗan'uwa shi ne, askin da ya fi santsi ba lallai shi ya fi dacewa da kai ba. Gashin yawancinmu murɗaɗɗe ne, tun daga cikin fata yake fitowa a lanƙwashe. In aka yanke shi ƙasa sosai da kaifi, bakinsa yakan yi tsini, to da ya fara tsirowa maimakon ya miƙe waje sai ya lanƙwasa ya soki fata ko ya ci gaba da girma a ƙarƙashinta. Jiki kuma sai ya ɗauke shi kamar ƙaya ta shige shi, wurin ya kumbura ya yi ja ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har da mugunya. Wannan shi ne asalin ƙurajen aski, kuma shi ne abin da ya kamata ya jagoranci zaɓinka fiye da ƙyallin kai.

Me za ka duba kafin ka fitar da kuɗi

Na farko santsi, wato in ka shafa tafin hannu za ka ji ƙaiƙayin gashi ko ba za ka ji ba. Na biyu haɗari, kuma haɗarin kala uku ne: yankewa, ƙuraje, da ɗaukar cuta daga kan wani. Na uku sauƙin koyo, don aske fuska daban aske ƙeyar da ba ka gani daban. Na huɗu kuɗi, kuma a nan mutane da yawa ke yin lissafin rabi, su duba kuɗin sayen abin su manta da kuɗin da zai riƙa ci duk wata. Gashin kai yana tsirowa kusan santimita 1 a wata, ma'ana santsin da ka samu yau da safe gobe da yamma ya fara tafiya, in kana son kai ya zauna tal to aski ne duk bayan kwana 2 ko 3, ka ga kenan abin da ake sake saye shi ne ainihin kuɗin. Sai ƙarko, sai kuma tambayar da ta shafi mu sosai, shin abin yana buƙatar wuta ko ruwan ɗumi, don ba kullum ake samunsu ba.

Abu ɗaya da babu jayayya a kansa ko da wacce hanya za ka bi: kada ka ɗora reza ko injin santsi, wato inji mai caji da ke aske gashi har fata, a kan suma mai tsawo. Ka fara sauke ta da kilifa har ƙasa. Bayan an sauke ka tsaya ka laluba kan da yatsu, ka san inda tawadar Allah take, inda tsohon tabo yake, inda ƙashi ya yi tudu, da inda fata ta naɗe a ƙeya. In ka ga makero ko ƙuraje masu ruwa to ka dakata a nan, a warkar da su tukuna.

Kilifa ba tare da matsefi ba

Wannan ita ce wadda kowa ya sani. Ka cire matsefin roba, ka rufe bakin har ƙarshe, ka bi kai. Ba za ta ba ka santsin tafin hannu ba, tana barin gashi ƙasa da milimita 1, daga nesa kai a aske yake amma in ka shafa za ka ji shi. To wannan ɗan abin da ta bari shi ne alherinta, don gashin yana saman fata, ba shi da damar komawa ciki, shi ya sa ita ce mafi ƙarancin kawo ƙuraje.

Kuɗin farko ya danganta. Akwai irin su Wahl da Andis da masu shago ke so, akwai Kemei da makamantanta masu caji da suka cika kasuwa kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Mai igiya ta kirki tana iya yin shekaru in kana share ta da buroshi kana ɗiga mata mai a baki, mai caji kuwa batir ne ke fara gajiya, kuma araha ba ta ado, wata bayan 'yan watanni za ta fara cizge gashi maimakon yankewa. Kuɗin ci gaba kusan babu. Wurin koyo kuma ko yaro zai iya. Haɗarinta ɗaya ne a hannunka: in an matso da haƙoran sama suka wuce na ƙasa don a samu kaifi, za ta riƙa yankar fata ƙanana ƙanana musamman bayan kunne da ƙeya, don haka kar ka bari a saita maka ita da zafi haka tun kana sabo.

Reza mai baki da yawa

Irin su Gillette Mach3 mai baki 3 da ta fito a 1998, da Fusion mai baki 5 da ta biyo baya. Ga sabon shiga da ya nace sai santsi, wannan ita ce mafi sauƙin riƙewa, saboda kanta yana lanƙwasawa yana bin zagayen ƙoƙon kai, ba sai ka koyi yadda ake karkata ta ba, kuma da wuya ta yi maka mummunan yanka sai dai in ka ja ta a kaikaice. Santsi kam ba a magana.

Amma ga inda matsalar take. An ƙera ta ne yadda bakin farko zai ɗan jawo gashi sama, na bayansa su yanke, sannan gashin ya koma ya nutse ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan daɗi ne, ga mai murɗaɗɗe kuwa shi ne daidai abin da muka ce yana haifar da ƙuraje. Ƙari a kan haka ja ɗaya da reza mai baki 5 kamar ka bi wurin sau 5 ne. Sannan kuɗi: mariƙin ba shi da tsada sosai, kawunan ne ke cinye aljihu, kuma kai ya fi fuska faɗi sosai don haka suna dakushewa da wuri. Likitocin fata na ba da shawarar a canja baki bayan aski 5 zuwa 7, a kan kai ma wani lokaci ba ya kaiwa. Da ka ji tana ja ko sai ka danna kafin ta ci, ta mutu, ka yar. Su kuma na roba irin Bic da ake yarwa gaba ɗaya, suna da araha amma kan yawancinsu a sandare yake ba ya bin zagaye, suna toshewa da sauri, na fi ganinsu a matsayin na tafiya ko na fita kunya.

Reza mai baki ɗaya a mariƙin ƙarfe

Ita ce rezar da muka sani ta cikin takarda, Tiger, Nacet, Dorco, Super-Max, amma a ɗaure cikin mariƙin ƙarfe mai murfi wanda ke barin siririn baki kawai a waje. Tsohuwar fasaha ce, tun 1904 King Camp Gillette ya samu rajistar irinta. A ganina ita ce ta fi kowacce daidaita santsi da lafiyar fata da kuɗi, don tana yanke gashi daidai saman fata ba ta jawo shi, mariƙin kirki sai ka gaji da shi, ita kuma rezar ko a teburin mai kayan koli za ka samu, za ka iya sa sabuwa kowane aski ba ka ji a jikinka ba.

Sai dai tana son koyo, kuma gara in faɗa maka gaskiya, makon farko da na biyu za ka iya ganin ɗan jini. Kanta ba ya lanƙwasawa, kai ne za ka riƙe karkatar, kusan digiri 30 tsakanin baki da fata. Yadda za ka gane shi ne ka kwantar da murfin a kan fata, ka riƙa sauke mariƙin a hankali har ka ji bakin ya fara cin gashi, to nan ka tsaya. Kar ka danna ko kaɗan, nauyin ƙarfen ya isa.

Tunda a nan ne hannu ke aiki bari in zauna a kan yadda ake yi, kuma duk wannan ya shafi mai baki da yawa ma. Ka yi askin bayan wanka da ruwan ɗumi, ko ka ɗora tawul mai ɗumi a ka na 'yan mintuna, gashi in ya sha ruwa yana laushi. Ka shafa kumfar aski ko sabulu mai santsi sosai, sabulun salo yana yi in bai busar maka da fata ba. Ka bi kwanciyar gashi, kar ka yi gaba da ita: a saman kai yawanci daga tsakar ka yake kwantowa zuwa goshi, a gefe da baya kuma ƙasa yake yi, amma ka shafa naka ka tabbatar, inda hannu ya wuce sumul nan ne kwanciyar, inda ya ji turjiya ka juyo. Ja gajere gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ka ɗauraye bakin bayan ja ɗaya ko biyu. Ka fara da sama da gefe inda kake gani, ka bar tsakar ka inda gashi ke murɗewa zuwa ƙarshe don ya ƙara jiƙa. Wurin kunne ka sa yatsa ka lanƙwaso shi ƙasa kafin reza ta wuce, nan ne sabbin shiga suka fi yankewa. A ƙeya ka sunkuyar da kai haɓa ta taɓa ƙirji don fatar da ta naɗe ta miƙe, kuma ka bar ɗaya hannun yana bin bayan rezar yana lalubawa, yatsunka sun fi madubi biyu gani a can. Duk inda ka ji saura ka sake shafa kumfa kafin ka koma, kar ka taɓa bin busasshiyar fata. In ka gama ka wanke da ruwan sanyi, inda ya yi jini ka goga jiƙaƙƙen alif zai tsaya, ka dangwale da tawul ba gurzawa ba, sannan ka shafa man kaɗanya kaɗan. Sifirit da turare masu zafi a kan sabon aski busar da fata suke yi.

Za ka ji ana cewa in ba ka yi gaba da kwanciyar gashi ba ba za ka samu santsin gaske ba. Haka ne. Amma ka bar wannan sai bayan ka yi wata guda kana bin kwanciya ka ga fatarka ba ta yi ƙorafi ba, kuma ko a lokacin a saman kai kawai, ƙeya ka ƙyale ta. Sannan don Allah kar ka riƙe tsirarar reza da yatsu ko ka karya ta biyu ka ce za ka aske bayan kanka, masu yin haka sun shekara suna yi kuma kan wani suke askewa suna gani.

Injin santsi mai caji

Kala biyu ne. Akwai mai raga a baki, irin wanda wasu masu shago ke bi da shi bayan kilifa, akwai kuma mai kawuna zagaye guda 3 ko fiye irin na Philips, har da waɗanda aka yi musamman don kai da ake riƙewa a tafin hannu irin Skull Shaver. Santsinsa yana tsakanin kilifa da reza, ya fi kusa da reza. Da wuya ya yanki fata, ba ya buƙatar ruwa ko kumfa, cikin 'yan mintuna ka gama ko da duhu ne, wannan ya sa ga mai fita aiki da sassafe babu kamarsa. Mai zagaye ana juya shi ne a hankali, mai raga kuma a miƙe ake binsa.

Kuɗin farko shi ne mafi nauyi in na kirki kake so, kuma kawunan ko ragar suna son canji duk shekara 1 zuwa 2, to ka tambaya tun a kanti ko ana samun kayan canjinsa, don inji da yawa lafiyarsu ƙalau ake jefar da su saboda an rasa raga. Ba ya cin gashin da ya wuce kwana 2 ko 3, sai ka koma kilifa. In ka danna shi da ƙarfi ko ka daɗe a wuri ɗaya yana zafi ya ƙona fata, kuma shi ma yana iya kawo ƙuraje ga mai fata mai saurin tashi ko da bai kai reza ba.

Hoda ko kirim mai cire gashi

Irin Magic da ake samu a kemis da manyan kantuna. Ba yanka yake yi ba, sinadari ne ke narkar da gashi a saman fata ka goge, don haka bakin gashin ba ya tsini, kuma wasu da reza ta hana su sakat a nan suka samu sauƙi. Santsi yana kyau, farashi matsakaici, ba ruwanka da koyon riƙe komai. Amma sinadarin da ya narkar da gashi zai iya ƙona fata, in ka wuce mintunan da aka rubuta a jikin gwangwanin za ka kwana da kai yana raɗaɗi har ya saɓule. Dole ka gwada a ɗan wuri bayan kunne ka jira kwana guda, kar ka sa a kan ciwo ko ƙurji, kar ka sa in ka yi aski da reza jiya, kuma ka sa agogo a gabanka ba kintace ba. Hodar tana da wari mai ƙarfi, a waje ko kusa da taga ake haɗa ta.

Wanzami ko mai shago

Gwanin wanzami da askarsa da ruwa da sabulu zai ba ka santsin da kai ba za ka samu ba a shekarar farko, kuma ba ka sayi komai ba, biya kake duk zuwa. In sau ɗaya a sati ya ishe ka to lissafin ba laifi, in duk kwana 3 ne kuɗi da lokaci za su taru. Babban abin dubawa shi ne kaifin da ya taɓa kan wani. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko a busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma ɗan goga sifirit ko haska wutar laita a bakin kilifa na daƙiƙa biyu ba tabbas ba ne. Shi ya sa ko a Mina ake jan hankalin alhazai su yi aski wurin masu lasisi da ke amfani da reza sau ɗaya su yar. Ka sa a ɓare sabuwar reza a gabanka ko ka tafi da taka, a shago kuma ka tafi da kilifarka, ba raini ba ne kuma masu sana'ar kirki ba sa jin haushi. Akwai allurar rigakafin wannan ciwon hanta, in ba ka yi ba ka tambaya a asibiti.

| Hanya | Santsi | Kuɗin farko | Kuɗin ci gaba | Ƙarko | Sauƙin koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Kilifa | kaɗan | matsakaici | kusan babu | shekaru | sosai | yanka in an saita da zafi |
| Reza mai baki da yawa | sosai | matsakaici | mai yawa | baki na mutuwa da wuri | da sauƙi | ƙuraje |
| Reza mai baki ɗaya | sosai | kaɗan zuwa matsakaici | kaɗan | shekaru | sai an koya | yankewa a farko |
| Inji mai caji | kusa da reza | mai yawa | canjin kai jefi-jefi | ya danganta da batir | sosai | zafi da ƙaiƙayi |
| Hoda ko kirim | mai kyau | kaɗan | matsakaici | yana ƙarewa | da sauƙi | ƙunar sinadari |
| Wanzami ko shago | sosai | babu | biya duk zuwa | ba naka ba ne | ba koyo | cuta daga kaifin wani |

To wa zai ɗauki wanne? In kai ne wanda ko gemu ka aske sai ƙuraje sun feso, ka tsaya a kilifa, ka haƙura da ƙyalli, in kana son ƙari ka gwada hoda bayan ka yi gwajin bayan kunne. In kuma ka riga ka fara ganin ƙananan ƙuraje masu tauri a ƙeya daidai inda wuyan riga ko bakin hula ke gogawa, to wannan ba wasa ba ne, akwai irin da ke haɗewa su zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake fitowa a kansa, kuma ya fi kama maza baƙar fata. Ka daina kai kaifi wurin gaba ɗaya ka ga likitan fata tun suna ƙanana, kar ka bari wani ya shafa maka man birki ko ruwan batir.

In fatarka ba ta da rigima kuma kana son santsin gaske da kuɗi kaɗan, ka sayi kilifa da mariƙin ƙarfe, ka ba kanka 'yan makonni na koyo a ranakun da ba ka sauri. In tsoron jini ne ya hana ka, fara da mai baki 3 ba mai 5 ba, ka bi kwanciya, in hannunka ya saba da zagayen kai sai ka koma baki ɗaya. Mai sammako ko mai yawan tafiya wanda aljihunsa zai ɗauka, inji mai caji ne nasa. Wanda kuma sau ɗaya kawai zai yi, don umara ko don ya ga yadda kan zai yi masa kafin ya yanke shawara, ba sai ya sayi komai ba, ya je gun gwani da sabuwar rezarsa a aljihu. Duk wanda ka zaɓa a ciki, fatar da ta shekara a ƙarƙashin suma ba ta saba da rana ba, ka sa hula mai tsafta in za ka fita tsakar rana musamman makon farko, lokacin hunturu kuma ka riƙa shafa mai safe da yamma don kar ta yi fari ta tsage.